Ɗaukar hoton takarda daban, nemo ta daban: fashin baƙi kan tsofaffin kundayen shari'ar Kano

Duk lokacin da aka taɓo zancen tsofaffin takardun kotu sai ka ji wani ya ce ai abu ne mai sauƙi, a sayo na'urar sikanin a ɗauke su kaf a zuba a kwamfuta shikenan. Ranar nan ma a majalisarmu bayan la'asar wani ƙanina da ya karanci kwamfuta ya maimaita min ita, har da cewa "Yaya ai wata uku ya yi yawa". Dariya kawai na yi, don na san yaron bai taɓa zama gaban kundin alƙali na zamanin En'e ba, da ya taɓa da bai faɗi haka ba.

Ni na taɓa. Shekarun baya na raka wani kawuna neman bayanin wata tsohuwar shari'ar gado a kan gidan kakanninmu a cikin gari, muka je wata kotu, aka kai mu wani ɗaki a baya mai warin ƙura da kashin ɓera, kundaye jibge tun daga ƙasa har kusa da silin, wasu an ɗaure da igiya wasu gara ta cinye musu gefe. Ma'aikacin wajen mutumin kirki ne wallahi, bai wulaƙanta mu ba, tambaya uku kawai ya yi mana: wace shekara, wane alƙali, mece ce lambar ƙarar. Kawu ya ce shi dai abin da ya sani zamanin Sarki Alhaji aka yi ta. Mutumin ya kalle mu ya ce "Baba, Sarki Alhaji fa shekara 27 ya yi". Kuma gaskiyarsa, Abdullahi Bayero ya hau 1926 ya rasu 1953. To a ce an ɗauki hoton duk abin da ke ɗakin nan, shafi dubu ɗari, an zuba mana a kwamfuta da suna irin wanda kyamara take bayarwa, hoto na ɗaya hoto na biyu har zuwa ƙarshe, me ya canja? Ƙurar ce kawai ba za mu shaƙa ba, amma ɓatan da muka yi yana nan. Abin da muka rasa ranar nan fihirisa ce, wato jerin da zai ce maka abu kaza yana kundi kaza shafi kaza, kuma ita wannan fihirisar mutum ne yake zama ya karanta ya rubuta ta.

Kafin a zo kan yadda ake yin ta, ya kamata a san su waɗanne takardu ake magana. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas, kuma ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai ma suka yi musu doka a 1906 suka ɗora su a cikin tsarin mulkinsu, suka matsa lamba a riƙa rubuta shari'a a rajista don Razdan da Di'o su samu abin dubawa. Aka kasa kotunan mataki-mataki, ta sama irin ta Sarkin Kano tana iya yanke hukuncin kisa amma sai Gwamna ya sa hannu. Galibi aure da saki da gado da bashi suna gaban alƙali, rikicin ƙasa da manyan laifuka irin kisan kai suna zuwa majalisar Sarki. Ga alƙalan gundumomi a karkara, ga wata kotun daban a Sabon Gari ta baƙi. Daga nan abu ya yi ta sauyawa, 1933 aka sake dokar kotunan, 1960 aka fara aiki da Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, aka kuma kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, bayan an ƙirƙiri jihar Kano a 1967 aka karɓe kotuna daga hannun En'e suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnati, kotun Sarki ta tashi, sai kuma 2000 da aka dawo da sunan kotunan shari'a. Kowane sauyi daga cikin waɗannan yana nufin an canja suna, an canja mai riƙe da makulli, wani lokaci an kwashi kaya daga wannan gini zuwa wancan. Ka ƙara da cewa a 1991 an cire Jigawa, alhali Ringim da Dutse da Birnin Kudu da can gundumomin masarautar Kano ne, ka ga ke nan mutumin Ringim da ke neman shari'ar gonar kakansa ta 1940 takardar Kano yake nema ko da shi yau ba ɗan jihar Kano ba ne.

Shi ya sa kayan suke a warwatse. Wasu suna ɗakunan ajiyar kotuna, wasu a Gidan Ɗan Hausa inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take, rahotannin da Turawa suka rubuta a kan kotunan da shari'o'in da aka aika sama suna ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna a cikin jerin da ake kira KANOPROF da SNP, akwai kuma Arewa House da aka kafa 1970, sannan akwai abin da ba wanda ya lissafa, wato takardun da ke cikin adakar gidajen zuriyar alƙalai da muhutai, wato mataimakan alƙali masu rubuta shari'a. Shari'a ɗaya tana iya barin sawu a wuri uku.

To a aikin ma'adana akwai wata ƙa'ida da masu zumuɗi suke fara takawa, kuma in an taka ta gyara yana da wuya. Ƙa'idar ita ce kada ka gauraya kayan wata kotu da na wata, kuma kada ka wargaza jerin da ka tarar. Tun 1841 Faransawa suka rubuta ɓangaren hana gaurayawar a matsayin doka a ma'adanarsu. Mutum zai ga kamar wayo ne ya ware duk shari'o'in gado waje ɗaya na aure waje ɗaya, ya ɓalle takardu daga fayil ya sake musu gida. Ɓarna ce babba. 'Yar wasiƙar hakimi da aka maƙala a bayan wata shari'a, muddin tana wajen ka san maganar wa take yi, ranar da ka cire ta ta zama marainiya, "mutumin nan da na gaya maka" kawai za ka gani ba ka san wane mutum ba. Rarrabewar da kake so ka yi, a fihirisa ake yin ta, takarda kuwa a bar ta inda take.

Sannan ana yin bayanin ne daga sama zuwa ƙasa. Ka fara da cewa wannan tarin na kotu kaza ne, daga shekara kaza zuwa kaza, kundi nawa ne. Sai ka sauko kan jeri, rajistar ƙararraki daban, ta gado daban, littafin tara da kuɗin shiga daban. Sai kundi ɗaya-ɗaya. Sai a can ƙasa shari'a ɗaya-ɗaya. Akwai ma'aunin duniya da ake bi tun 1994 mai suna ISAD(G), gurabe 26 ne a ciki amma shida ne na dole: lambar shaida, suna, wanda ya samar da takardar, kwanan wata, yawanta, da matakin da kake bayani a kai. A ra'ayina kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara daga ƙasa, a ɗauki kundi ɗaya a ƙure masa bayani kamar za a rubuta digiri a kansa, kuɗin aiki ya ƙare an yi kundi goma cikin ɗari biyar kuma ba wanda ya san me ke cikin sauran. Gara a fara bin ɗakin gaba ɗaya a ba kowane kundi lamba da shekarunsa da sunan kotunsa ko da layi ɗaya ne, ko wannan kaɗai da an yi da ni da kawu mun rage shekara 27 zuwa kundaye ƙidayayyu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, matakin shari'a ɗaya-ɗaya, kuma a nan zan daɗe.

Sunaye. Bahaushe ba ya da sunan dangi irin na Bature da za ka jera a kan harafi. Mutum ɗaya sunan yankansa Abubakar, a gida Habu, a kasuwa Garba, in kakarsa Babarbariya ce Bukar. Aliyu ya zama Ali ko Alu, Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim Iro, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Fatima Binta, Hadiza Dije. Ga sunan rana, Ɗanladi da Talatu da Jummai, ga na sana'a, ga laƙabi irin Dogo da Tanko, ga alkunya da ke sa matar gida ba za ta taɓa faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta ba. Magatakardan alƙali malami ne da Larabci yake rubutu, to sau da yawa zai mayar da sunan asalinsa na littafi, shi kuma akawun Bature da ya zo fassarawa ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Jika ya zo bayan shekara 80 da sunan da aka san kakan da shi a zaure, ya buga a kwamfuta, ta ce babu. Maganin wannan gurbi biyu ne ga kowane suna: ɗaya a kwafe shi daidai yadda yake a takarda ko da kuskure ne, ɗaya kuma daidaitaccen suna da aka amince a kai, sannan a yi wani jeri a gefe da ke haɗa Habu da Garba da Bukar da Abubakar, ta yadda duk wanda ka nema sauran za su fito. Amma a kula, haɗa siffofin suna daban, cewa wannan Garban shi ne wancan Garban daban. Muhammadu nawa ne a Yakasai a shekara guda? In ba ka da hujja irin sunan uba da unguwa da sana'a da suka zo ɗaya, ka bar su a rabe, don ranar da ka haɗe mutum biyu suka zama ɗaya ka ɗora wa wani bashin da bai ci ba ko ka ba shi gidan da ba nasa ba.

Masu sarauta kuma nasu ya fi rikitarwa, takarda za ta ce Madaki ya aiko ko Ɗan'iya ya shaida, ba suna. Sai an yi jerin wa ya riƙe wace sarauta daga yaushe zuwa yaushe kafin kalmar ta yi amfani.

Kwanan wata ma haka. Alƙali da Hijira yake lissafi, Bature da Miladiyya, kuma shekarar Hijira ta gaza da kwana 11 don haka ba sa hawa kan juna. Shekarar 1331 misali ta fara a Disambar 1912 ta ƙare a Nuwambar 1913. In kana son kintace ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622, zai kai ka kusa, amma kintace ne, ranar kanta tana iya gocewa da kwana ɗaya ko biyu tunda da ganin wata ake tsayar da shi ba da lissafin da ke cikin manhaja ba. Don haka a rubuta duka biyun kuma a nuna wanne ne na takarda wanne ne namu. Shaidu kuwa ba ruwansu da lamba, za su ce watan cika-ciki ko watan azumin tsofaffi, ko shekarar da jirgin ƙasa ya iso wato 1911, ko yunwar Kakalaba ta 1914, ko marisuwa ta 1918, ko zuwan Sarauniya a 1956. Irin wannan ai zinare ne ga mai binciken tarihi, kuma in ba a ba shi gurbi a fihirisa ba ya nutse.

Wurare: Tudun Wada nawa ka sani a ƙasar Hausa? Dawaki, ta Kudu ko ta Tofa? Ƙauyen da yake gona a 1930 yau unguwa ce a tsakiyar birni, gundumomi an yi ta haɗewa ana rabawa. Kuɗi ma sai an yi hattara, kundayen farko za ka ga wuri ana lissafi da zambar da keso, keso ɗaya wuri 20,000, daga baya fam da sule da sisi da taro da anini, sule 20 fam ɗaya, har zuwa 1973 da naira ta zo aka canja fam ɗaya naira biyu. Mai shigar da bayani in ya ga 5 ya rubuta 5 kawai ba tare da ya ce biyar ɗin mece ce ba, ya kashe lissafin.

Sai nau'in shari'a, wanda shi ne abin da manazarta suka fi nema. Wata tana son duk ƙarar da mace ta kai da kanta tana neman hul'i, wani yana son rikicin iyakar gona bayan gyaɗa ta yi daraja, wani jingina da bashin fatake a kasuwar Kurmi, wani kuma bayi. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, don dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936, a tsakanin nan a gaban alƙalai ake yin maganar murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa) da fansa da takardar 'yanci. Muryar baiwa ko ƙwarƙwara da ba za ka taɓa ji a tarihin sarakuna ba a nan take, tana faɗin garin da aka kamo ta da wanda ya saye ta. Wani masani Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914 ya buga a 1994, kuma har yau masu rubutu a kan Kano ta wancan lokaci suna komawa kansu, ɗan abin da aka fito da shi ke nan fa daga shekara biyu kacal. To amma dole a tsayar da kalmomin da za a yi amfani da su tun farko, kada wannan ya rubuta saki wancan ya rubuta rabuwar aure na uku ya rubuta ɗalaƙi, kuma kada a cusa wa shari'ar Malikiyya rabe-raben dokar Ingila, hauzi da shuf'a da diyya da i'izari a bar su da sunansu a yi musu bayani.

Na dawo kan ƙanina da ya ce ai yanzu na'ura tana karanta rubutun hannu. Tana yi, akwai manhajoji irin su Transkribus da eScriptorium, amma koya musu ake yi, sai mutum ya kwafe shafuka masu yawa daidai ya ba su sannan su fara kwaikwayo, kuma in hannu ya canja sai an ƙara koyarwa. Rubutunmu na nan salon Magribi ne irin na allo, fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama, manhajar da ta saba da rubutun Masar za ta karanta ƙafun ɗinmu a matsayin fa'un. Ga sunayen Hausa a tsakiyar jimlar Larabci ba wasali. Ɗauki Garba, gainun ra'un ba'un, haruffan nan uku su ne dai na kalmar Larabci mai nufin yamma, to a shari'ar iyakar gona inda ake ta ambaton gabas da yamma kuma maƙwabcin sunansa Garba, wa zai raba gardama in ba wanda ya san harshen biyu ba? Na boko ma ba su tsira ba, tafiretocin da ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kofin kabon da ya dushe, kasa da ƙasa duk ɗaya. Dole injin nema ya zama wanda in ka rubuta Kofar Mata zai kawo maka Ƙofar Mata, tunda yawancinmu ma a waya ba ma sa lanƙwasar.

Ko a Ingila da suka zuba shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan a intanet, kusan 197,000 daga 1674 zuwa 1913, kuma nasu bugaggu ne ba rubutun hannu ba, kason farko mutane aka sa suka buga shi da hannu sau biyu aka gwada don a kama kuskure, sannan aka bi ana yi wa suna da laifi da hukunci alama. In bugun ɗab'i na Turanci ya ci wannan wahala, ina ga tawadar muhuti.

Akwai kuma abin da mu a Kano ba za mu yi wasa da shi ba, sirrin mutane. Garin nan kowa ya san gidan kowa. Shari'ar cikin shege ta 1950 jikokin matar suna raye, maganar asalin bauta har yau tana hana aure, tsohuwar takardar gida tana iya tayar da rigimar da aka binne. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 a gefe guda, ga dokar kare bayanan mutane ta 2023 a ɗaya gefen. Ni abin da nake gani shi ne a yi ƙofa biyu, bayanin kundi da nau'in shari'a da shekara da gunduma kowa ya gani, sunaye da hoton shafi a shari'o'in aure da nasaba da na kusa-kusa kuwa sai mai bincike ya zo ya cike takarda ya ɗauki alkawari. Ɓoye komai zalunci ne ga tarihi, watsa komai a WhatsApp kuma fitina ce.

Su wa za su yi aikin? Mutanen suna nan, ba sai an ɗauko daga waje ba. Garin da aka buɗe makarantar shari'a a Shahuci tun 1928, aka kafa makarantar horar da alƙalai a 1934 wadda ta zama makarantar nazarin Larabci ta SAS a 1947, ga Jami'ar Bayero da sassan Larabci da tarihi da shari'a, ga malaman zaure da suka sha littattafan fiƙihu irin Risala da Muhtasar da Tuhfa. A haɗa dattijo ɗaya mai karanta hannun da, da matashi ɗaya mai kwamfuta, ko da Excel ne a fara, wani na uku ya bi baya yana duba samfuri. Matsalar ita ce dattijan nan da suka yi aiki a kotunan kafin 1968 kullum raguwa suke, takardun ma ba jira suke ba, ga gara ga ɗanshin damina, ga abin da ya faru ranar 1 ga Agustan 2024 da aka fasa babbar kotu a sakatariyar Audu Bako lokacin zanga-zanga aka yi watsi da takardu. Don haka ban ce kada a ɗauki hoto ba, a ɗauka, amma lambar kundin ta riga kyamara, sunan kowane hoto ya ɗauki lambar kundi da ta shafi, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Mu dai namu neman, a zuwa na huɗu ne wani tsoho da ya taɓa aiki a wajen, wanda aka kira mana daga gida, ya tambayi kawu sunan mai unguwar lokacin da sana'ar kakan, ya yi shiru, ya ce a sauko masa da wasu kundaye guda shida daga can lungu. A kundi na biyar aka samu. Ba da sunan da muka sani aka rubuta shi ba, mu Ɗandada muke ji ana faɗa, a takarda kuwa Muhammadu ne ɗan wane, marini, kuma shekarar Hijira ce kawai a saman shafin. Kawu ya sa aka karanta masa sau biyu, muka biya aka kwafa mana, tsohon ya sa hannu a aljihu ya ƙi karɓar ko sisi. Da za mu fita na waiwaya na ga ma'aikacin ya ɗaure kundayen shida da igiyarsu ya mayar saman tarin, ba lamba a bayansu, shi kuma tsohon a shekarar da ta biyo baya aka yi masa rasuwa, muka je gaisuwa ni da kawu.